Kwana Shida a Wata

Kafin ta sauke ƙafa daga gado take sa ma'aunin zafi a ƙarƙashin harshe. Haka nas ta ce mata, kafin magana, kafin ruwa. Ta jira ya yi ƙara, ta duba lambar, ta rubuta a bayan littafin da take ɗaukar awon masu kawo mata ɗinki.

Wata tara ke nan tana haka, har ta iya abin kamar zura zare a allura. Takan fara ƙirga daga ranar da jini ya zo. Idan farin ruwa ya fara sauka garau, yana yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, ta san lokacin ɗaukar ciki ya yi. Idan zafin jikinta ya ɗan ɗaga ya tsaya a sama, ta san ya wuce, sai wani watan. Kwana shida ne kacal, kuma takan zagaye su da jan biro a kalandar da ke bayan ƙofar ɗaki.

"Ke da kalandar nan, sai ka ce mai hasashen yanayi a rediyo," in ji yayarta. Ta yi murmushi don ta gane wasa aka yi.

Mijinta direban tirela ne a wani kamfanin siminti. Bai taɓa yi mata dariya a kan lissafin ba. Farkon kowane wata yakan tsaya gaban kalandar yana ɓalla maɓallan riga, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Allah Ya sa ina gida."

Sai dai ba ya gida. Ana gobe jan biro zai fara sai lodi ya taso, kuma ba na kusa ba, irin wanda ake kwana bakwai ko takwas a hanya. Ya dawo da jajayen idanu da tsaraba a leda, ya tarar zafin ya riga ya ɗaga. Sauran watan kuwa yana nan, yana gyara mata keken ɗinki, yana kai ta kasuwar yadi.

Shekara biyu da suka wuce ta haihu. Yaron bai zo da rai ba, jini kuma ya ɓalle mata. Kwana biyu ba ta san inda kanta yake ba, sai da aka ƙara mata jini leda biyar. Ta farka ta tarar an gama komai. Likita ya ce su huta shekara guda kafin su sake nema. Ba ta yi kuka ba a lokacin, kuma har yau kukan bai zo ba. Tana ci, tana ɗinki, tana amsa gaisuwa. Ba don ƙirgar nan ba, da ba ta san bambancin Talata da Asabar ba.

"Har yanzu shiru?" surukarta kan tambaya a waya.

"Shiru, Inna."

A wata na goma, ta fito daga wanka da safe ta ga jakarsa a bakin ƙofa.

"Sun sake sa ni," ya ce. "Kwana bakwai."

"Ba za ka roƙe su ba?"

"Na roƙa har na gaji. Akawun nan mai rabon lodi ba ya jin magana."

Ya dafa kafaɗarta, idonsa na kan takalminsa, ya fita.

Ta zauna gaban keke, ta ɗinka hannun riga a baibai, ta warware. Ba haushi take ji ba. Gani kawai ta yi ashe akwai abu ɗaya da ba ta gwada ba. Ta rufe keken, ta yafa mayafi, ta hau motar haya.

Harabar kamfanin fari fat take da ƙurar siminti, tireloli jere kamar dogayen gidaje. Mai gadi ya nuna mata wani ƙaramin ofis. A ciki akwai benci, da fanka mai ƙara, da allon da aka rubuta lambobin motoci da alli. Akawun dattijo ne, ya ɗaure ƙafar tabaransa da zare.

Ta gaishe shi, ta faɗi lambar motar mijinta.

"Ke ce iyalinsa? Zauna, 'yata, zauna." Ya cire tabaran. "Ya jikin? Lokacin da kike asibiti, nan bencin ya zo ya zauna, rigarsa duk jininki. Ya ce min, Baba, da raina ba zan sake tsayawa bakin ƙofar ɗakin haihuwa ba."

"Jiki ya yi sauƙi, Baba. Alfarma na zo nema."

"Faɗi."

Ba ta ji kunyar da ta yi zaton za ta ji ba. Ta ciro 'yar takarda ta ajiye a kan tebur. "Kwanakin nan shida na wata mai zuwa. Don Allah a bar min shi a gida. Sau ɗaya kawai. Duk wata a irinsu kuke tura shi."

Dattijon ya mayar da tabaran, ya karanta. Ya dube ta, ya sake duban takardar. Can ya jawo aljihun tebur, ya fito da wasu ƙananan takardu da aka haɗe da ƙusa, ya tura gabanta a hankali. Guda goma ne. Ta san rubutun tun kafin ta karanta.

"Na zaci da saninki, 'yata," ya ce. "Ni ban taɓa zaɓa masa rana ba. Shi yake kawo min su da hannunsa farkon kowane wata, ya ce in tura shi duk inda ya fi nisa, har sai sun wuce."