Gunkin Kwazazzabo

Da ƙarfe goma babbar mota ta tsaya a dandalin Peñalobar, ta zazzage mutum talatin masu hular rana da sandunan hawan dutse. Kowa ya ɗaure takalmi sabo fil, sai ka ce ƙarshen duniya za su. Tudun da suka zo hawa kuwa, Casilda da silifas take hawansa, tana da shekara tamanin da huɗu.

Tana zaune a ƙofar masaukin baƙi na jikarta Olalla, tana ɓare wake. Baƙin tabarau a fuskarta, ɗankwali ya zagayo har ƙarƙashin haɓa. Ko kai ba ta ɗaga ba.

Shekara uku da suka wuce, ba mai shigowa ƙauyen sai mai motar burodi. Mutum arba'in da ɗaya suka rage, ana maganar rufe makaranta. Sai aka yi ambaliya, ruwa ya yashe kwazazzabon da ke bayan tsohuwar unguwa, ya tono wani kan mace na dutse. Farfesa Íñigo Salcedo ya taso daga Madrid, ya zagaya shi sau biyu, ya ce gunkin mutanen da ne, ya shekara dubu biyu da ɗari biyar. Ya rubuta littafi mai kauri a kai. Ba wanda ya karanta a ƙauyen, amma kowa ya ajiye ɗaya a saman kanta.

Aka kai gunkin tsohuwar majami'ar da ke kan tudu, aka rufe shi da gilashi. Daga nan sai baƙi. Aka share hanyar awaki aka kafa mata alluna, aka kawo kekuna da kwale-kwale na haya. Mutanen birni suka riƙa ɗaukar hoton komai, har kajin Casilda. Olalla ta dawo daga Zaragoza da mijinta da 'ya'ya biyu, ta gyara rumfar kakanta marigayi Fulgencio, inda yake sassaƙa kwamin dabbobi da duwatsun kabari, ta mai da ita masauki. Makaranta ta tsira.

Casilda kaɗai ba ta taɓa shiga majami'ar ta ga gunkin ba. Mutanen gari suka ce tsantsar addini ne. Farfesa ya ce jahilci ne, kuma a gabanta ya faɗa.

Ranar nan 'yan talabijin sun zo, Farfesa yana son a ɗauke shi da tsohuwar da ta fi kowa shekaru, a gefen gunkin. Olalla ta tsugunna kusa da kwandon wake.

"Kaka, minti goma ne. In aka nuna mu, ɗakunan nan ba za su sake zama ba kowa ba."

"Ya je ya nemi uwarsa ta tsaya masa."

"Don Allah, Kaka. Saboda yaran."

Casilda ta kakkaɓe zaninta ta miƙe. Ta riga su duka isa saman tudun, ta zauna tana kallon masu sanduna suna haki.

Farfesa ya gyara ɗamarar wuyansa, ya ja ta da hannun riga zuwa inda yake so, kamar yana gyara kujera. Sannan ya juya ga jama'a.

"Ku dubi muƙamuƙin nan, sai ka ce na alfadari. Ku dubi idon hagu, harara-garke. Ga hanci kamar an taka dankali. Jahili zai ce masassaƙin ne bai iya ba. A'a. Da gangan suka munana ta, don ta kori aljanu daga gonaki. Na zagaya gidajen tarihi na ƙasa goma sha biyu, ban ga fuskar da ta kai wannan muni ba. Ba a taɓa haifar mace haka ba."

Aka bushe da dariya. Wata mai jan gashi ta ce ita dai ba za ta so ta gamu da wannan a mafarki ba.

Casilda ta juya ta dubi Farfesa.

"Farfesa," ta ce, "to in dutsen nan bai kai shekarun da kake faɗa ba fa?"

Ya yi murmushin da ake yi wa mara lafiya. "Iya, shekara talatin ina nazarin dutse. Ke ki tsaya a kan wakenki, kin ji?"

Aka sake dariya. Casilda ta buɗe baki. Ta ƙofar majami'ar tana hango garin a ƙasa: motoci sun cika dandali, hayaƙi na tashi daga ɗakin girkin masauki, yara na guje-guje a filin makaranta. Olalla na tsaye bayan mai ɗaukar hoto, ta haɗa tafin hannu biyu tana roƙonta da ido.

Ta rufe bakinta. Ta tsaya aka ɗauki hoton, Farfesa ya dafa kafaɗarta yana washe haƙora.

Ba ta bi jama'a wajen cin abinci ba. Ta ratse ta cikin itatuwan zaitun ta shiga maƙabarta, ta zauna a bakin kabarin mijinta Fulgencio. Ta cire busasshen ganye daga kan dutsen, ta daɗe tana huci kafin ta yi magana.

"Ka ji abin da ka ja mini, tsohon banza? Alfadari. Dankali. A gaban talabijin." Ta buga dutsen da tafin hannu. "Na gaya maka tun ranar da ka sassaƙa kan nan ka ba ni shi kyautar aure, kafin in gangara da shi kwazazzabo: ko kaɗan bai yi kama da ni ba."