A Funtua Jarumi Ba Ya Mutuwa

"Ƙarya kake, Rabe! Jarumin bai mutu ba, aure ya yi," in ji Mati.

"A Zariya na kalla," in ji Rabe. "Harbe shi aka yi, har gawarsa na gani."

Fim ɗin Indiya ɗaya suke musu a kai. Mati ya sha kallonsa a silimar Funtua, kuma kullum da biki ake tashi. Musun ya yi zafi har Rabe ya ƙi zuwa gayyar cirar audugar Mati, alhali Asma'u, ƙanwar Rabe, Mati yake aure. Ita ce ta gaji, ta ce su je su tambayi Donatus, mai haska fim a silimar.

Suka same shi yana goge inji. Ya saurare su tsaf.

"Malam Rabe ya yi gaskiya," in ji Donatus. "Malam Mati ma ya yi gaskiya."

Suka dubi juna. Donatus ya cire hula, ya nuna musu wani dogon tabo a goshinsa.

"Farkon zuwana na haska wani fim, jarumi ya mutu, 'yan kallo suka rufe ni da jifa. Tun daga ranar, da an ɗaura aure nake kashe inji in kunna fitila. Faifan ƙarshe na fim ɗin ko buɗe shi ba na yi."

Mati ya jinjina kai, ya juya ga surukinsa.

"Ka ji ko? Zazzagawa ne ba su iya kallo ba."