Tsohuwar da Ta Yi Kiwon Tsutsa

Ka ce bincike ɓata lokaci ne? To, gyara zama ka ji. A wani ƙauye an yi wata tsohuwa mai noman farar masara, irin da ta gada wurin uwarta, ba ta da wata dukiya bayansa. Wata damina sai ga baƙuwar tsutsa mai ɗigo huɗu a gindi, ta mai da ganyen masara kamar rariya. Mutane suka ce ai tsutsar kara ce da aka saba, da kaka suka ƙone karansu kakaf. Damina na dawowa tsutsa ta dawo, har ta fi bara. Tsohuwa kam hankalinta ya tashi, don tiya guda ta iri ta rage mata, ita ta shuka. Ta kama tsutsa goma ta zuba a tsohuwar tukunya da ƙasa da ganye, ta ɗaure bakin da ƙyalle. Kai, ta sha ba'a! Kowa ya wuce sai ya leƙo ya ce, "Inna, miyar ba ta nuna ba?" Ita dai ta ci gaba da leƙa tukunyarta. Tana kallo tsutsa ta nutse cikin ƙasa, ta dunƙule kamar ƙwallon dabino, kwana goma ta fito da fukafukai. Ashe ƙasa take kwana, iska take hawa, an ƙone kara a banza.

Ta kai wa malamin gona tukunyar, shi kuma ya aika birni aka duba jinin ƙwarin. Amsa ta zo cewa tsatsonsu ɗaya da na hayin teku, 'yan ƙalilan ne suka biyo kaya, jikokinsu suka cika ƙasa. Tsohuwa ta ce to, mai fukafukai ba ya korawa, sai dai a tari ƙwansa. Kullum da sassafe tana duƙe tana juya ganye ɗaya-ɗaya, tana murje ƙwai da yatsa, tana zuba toka da yashi inda sabon ganye ke fitowa. Bayanta ya yi ciwo, wallahi, amma masararta ta yi goyo. Da aka zo shuka, masu tambayar miya su ne a ƙofar gidanta da ƙorai suna roƙon iri. Ta auna wa kowa, ta haɗa masa da dabarar. Shi ya sa Bahaushe ya ce, mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.