Jip Ɗin da Ba Ta da Aibu

Tun da ka ce mota kake nema wadda za ta kwashe iyalinka gaba ɗaya, gyara zama ka ji abin da ya sami wani ɗan kasuwar hatsi. Mutum ne da ya tsufa a cikin buhuna, bai taɓa sayen wake ba sai ya soka ƙarfe har tsakiyar buhu ya zaro ya duba. In ya ga ƙwaro ɗaya, to buhun nan ya tashi daga gabansa, domin a wake ƙwaro ɗaya shaidar dubu ne. Wannan hali ya tara masa dukiya, ya kuma bar shi da zuciyar da ba ta yarda da kowa, ko gaisuwa ka tsawaita masa sai ya taɓa aljihu. Kowace Babbar Sallah yakan kai iyalinsa ƙauyensu wajen tsohonsa, hanyar kuwa da an sauka daga kwalta sai rairayi da kwazazzabo. Ƙaramar motarsa ba ta ɗauke su, dole a rarraba yara a motocin haya, shi kuma hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ga kowa ya sauka. Don haka ya ƙudura sayen babbar jip ta hannu, mai kujeru layi uku, yadda 'ya'yansa duka za su zauna a bayansa yana hango su ta madubi.

Ya shiga kasuwar motoci da halin kasuwar wake. Duk motar da aka nuna masa, tambayarsa ɗaya ce: mene ne aibunta? Dillali na farko, dattijo mai tsoron Allah, ya ce inji lafiya lau, giya lafiya lau, sai dai ƙafar gaba tana son gyara kuma tana shan mai. Mutuminka ya kaɗa riga ya yi gaba, yana cewa a ransa wanda ya faɗi biyu ya ɓoye goma. Na biyu ya nuna masa inda aka taɓa yi wa ƙofa fenti, shi ma ya sha kallon banza. Bakaniken da ya ɗauko don ya duba masa ya gaya masa gaskiya, cewa motar da ta yi shekaru a titi ba ta rasa tabo, abin dubawa shi ne tabon da ake iya zama da shi. Kashegari ya hango bakaniken nan suna raba goro da wani dillali, shi ke nan ya sallame shi, wai an haɗa baki za a ci da shi. Kasuwa kuwa tana da kunne. Kafin mako ya zagayo kowa ya san akwai wani Alhaji da ba ya son jin gaskiya, masu faɗinta suka daina tashi in ya iso, suka bar shi da masu rantsuwa.

Sai ga wani matashin dillali mai zaƙin baki ya ja shi gefe, ya kai shi wani gida, ya yaye tamfol. Baƙar jip ce tana ƙyalli, kujerun fata, inji an wanke shi tas kamar kwanon amarya, cikinta kuma ya turnuƙe da turaren wuta. Ɗan kasuwar ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ƙarƙashi, ya ji wannan ƙamshi ya ɗan yi masa yawa, har zuciyarsa ta ce masa me ake binnewa da turare haka? Ya yi tambayarsa ta kullum. Dillalin ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, wallahi ko ƙwarzane babu." Abin da kunnensa ya daɗe yana nema ke nan, sai ya danne shakkar, karo na farko a rayuwarsa ya sayi buhu bai soka ba. Ya koma gida yana yi wa dattawan kasuwa dariya.

Jajibirin Sallah ya loda iyali, ragon layya a baya, suka kama hanya. Turare ya riga ya gama aikinsa, wani warin ruma ya fara tasowa daga ƙarƙashin kujeru, yara suna toshe hanci. Ashe mota ce da ambaliya ta taɓa shanyewa a can ƙasar da ta fito, wayoyin wutarta duk sun ci tsatsa ta ciki. Suna sauka daga kwalta, girgiza ta fara, fitilun gaban direba suka kama walƙiya, sai motar ta mutu a tsakiyar daji, ga hadari ya haɗo daga gabas. Ya murɗa makulli har yatsunsa suka yi zafi. Babu bakaniken da zai kira, wanda yake da shi ya kore shi da hannunsa. Da ruwa ya fara sauka, ba yadda ya iya, ya tsaya bakin hanya yana tare masu babura da bai san sunansu ba, bai san garinsu ba, yana ɗora musu 'ya'yansa bibbiyu yana roƙo a kai su ƙauye don Allah. Ya tsaya a cikin ruwa yana kallon 'yar autarsa tana waiwayensa a bayan baƙo har suka ɓace a kwana.

To, kai da za ka shiga kasuwar nan, wanda ya nuna maka tabon motarsa ka ba shi kujera, wanda ya ce tasa ba ta da ko ɗaya ka riƙe takalminka a hannu. Hausawa sun gama magana tun da daɗewa: in an ƙi ji, ba a ƙi gani ba.