Baƙon da Brattnes Ta Yi wa Aikin Gayya

Mutumin ya sa yatsa ya zaƙulo curin tabar da ke ƙarƙashin leɓensa, ya manna shi a gefen faranti, sannan da yatsan nan dai ya ɗauki fanken da Torbjørg ta toya masa. Torbjørg ta yi murmushi. Shekara talatin da ɗaya tana riƙe da kantin kofi na jirgin fiton ƙauyen Brattnes, ba ta taɓa yin murmushin dole kamar wannan ba.

Sai dai ba ta da zaɓi. Tun farkon shekara labari ya karaɗe ƙauyen cewa gunduma za ta aiko jami'i ya duba jirgin, ya rubuta ko a ci gaba da shi ko a dakatar. In aka dakatar, saura hanyar kan dutse, tafiyar awa uku, wadda dusar ƙanƙara ke toshewa rabin lokacin sanyi. Mijinta Ingolv kuwa, sau uku a mako ake yi masa wankin ƙoda a asibitin tsallaken ruwa. A jirgi, minti ashirin da biyar ne.

Saboda haka da wani baƙo ya shigo ranar Litinin ba tare da mota ba, riƙe da allon rubutu da tocila, ya tsallaka ya dawo har sau uku bai sauka ba, kafin rana ta yi tsaka duk Brattnes ta san wanda ya zo.

Oddvar, tsohon malamin makaranta kuma shugaban ƙungiyar ƙauye, ya kira aikin gayya a yammacin nan. Maza suka kankare tsatsa, mata suka goge duk wata tagulla da ke jikin jirgin har ta ɗauki ido. Washegari duk mai mota ya fito da ita don baƙon ya ga jirgi a cike. Wasu sun tsallaka sau shida ba su da abin saye a can. Tsohuwa Gunnvor ta yini a kujera ɗaya tana saƙa safa, wani manomi ya hau da taraktarsa ba ta jan komai.

An ɗora wa Torbjørg ciyar da baƙon.

Kjartan sunansa, kuma ƙazanta ta zauna masa. Bakin rigarsa ya yi baƙi da maiko. Yana magana da abinci a baki, yana fyace hanci a takardar goge hannu ya bar mata a kan teburin kanti. Wuƙar da yake kankare fentin bango da ita, da ita yake yanka cuku. Duk lokacin da ya tashi, sai ta wanke teburin da ruwan zafi sau biyu.

"Ƙara masa man shanu mana," in ji Oddvar cikin raɗa. "Kuma ki saki fuskar nan, kamar wadda ta taka mushe."

"Kai zo ka tsaya kusa da shi ka shaƙa, malam. Ni na shaƙi rabona."

Amma ta ƙara man.

Kowa ya yarda mutumin ya san aikinsa. Bai tsaya ɓata lokaci wajen kallon layin motoci ba. Ƙasa yake sauka, ya ƙwanƙwasa bango da ƙaramar guduma, ya kasa kunne, ya rubuta. Ya tambayi kaurin ƙarfen gindin jirgi. Oddvar ya bi shi da alfahari har ɗakin inji, ya nuna masa bututan jan ƙarfe, ya rantse masa irin wannan ƙira ba a yin ta yanzu. Kjartan ya shafa su da baƙin tafinsa, ya jinjina kai. Kyaftin Steinar, matuƙin jirgin, shi kaɗai ne bai shiga hidimar ba. Kwana uku bai sauko shan kofi ba, har Torbjørg ta ce a ranta girman kai ne ke damunsa.

Ranar Laraba Ingolv yana cikin jirgin, ya dawo daga asibiti, fuska a koɗe, hannu naɗe da bandeji. Kjartan ya zauna daf da shi, ya yi gyatsa mai ƙarnin kifi, ya miƙa hannu ya ɗauki sauran fanken da ke gaban marar lafiyan ba tare da ya tambaya ba. Torbjørg ta kau da kai. Ta zuba sabon ƙullu a kasko.

Da jirgin ya doshi gaɓa a tafiyar ƙarshe, ta naɗe masa fanke goma a takarda, ta raka shi har bakin gada. Ya miƙo hannun nan. Ta karɓa.

"Kjartan," ta ce, "ka ga mijina. Ka ga yadda jirgin nan ke cika. Me za ka rubuta wa gunduma?"

Ya dube ta da mamaki na gaskiya, yana cusa sabon curin taba a leɓe.

"Gunduma? Ai ita ta gama nata tun watan jiya, ta sa hannu a dakatar da jirgin. Ban taɓa zuwa inda aka karrama ni kamar garin nan ba, har da goge min kaya. Ni daga wurin yanka jirage nake, Torbjørg, nauyin ƙarfensa na zo aunawa."