Motar Da Ta Daina Rusunawa

Tunda ka ce za ka taɓa abin da ke yi maka aiki lafiya, don kawai ka ga na wani ya fi shi kyan gani, bari in ba ka misalin wani direba, ka auna da kanka.

Direban nan yana da tsohuwar a-kori-kura, kuma shekara goma sha ɗaya sana'arsa guda ce. Duk ranar kasuwa sai ya shiga ƙauyen maginan tukwane, ya ɗauko randuna da tuluna da kasake ya kai musu gari. Hanyar burji ce, gargada tun daga fari har ƙarshe. Amma sifirin motar, wato ƙarafan nan da ke ɗauke da bodi a kan ƙafafun baya, sun tsufa sun yi laushi. In ta faɗa rami sai ta rusuna ta miƙe a hankali, kamar mai goyo za ta tsallake kwata. Matan ƙauyen har suna suka raɗa mata, wai Uwar-goyo, don ko murfi ba ta taɓa fasa musu ba. Shi kuwa gogan naka kunyarta yake ji, saboda a tasha ana yi masa tsiya wai kunkuru yake tuƙawa. Ran da ya ga wata irin tasa an ɗaga ta sama ta yi tsaye kamar raƙumi, sai ransa ya biya. Ya kai gareji aka kwance tsofaffin sifirin, aka ɗaura masa masu kauri, sala kan sala, aka sa manyan tayoyi. Tsofaffin ya bar wa wani maƙeri kyauta, ko waiwaye bai yi ba.

Ranar kasuwar farko ya ji motar na dukan ƙugunsa, haƙoransa na haɗuwa, ya ce ai sabon ƙarfe ne, zai saba. Aka sauke kaya, a ido babu abin da ya fashe. To, ka san mai sayen randa ba da ido yake saye ba. Ƙwanƙwasa ta yake yi da bayan yatsa, mai lafiya ta amsa da ƙara garau, mai tsaga ta amsa a dushe. Cikin matan akwai wata tsohuwa da duk yankin ya san hannunta, ta kawo randuna shida da ta yi sati uku tana ginawa. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa, biyar suka amsa a dushe. A nan direban ya yi katoɓarar da har yau take cin ransa. Gaban jama'a ya ce, "Iya, wannan gashin ne bai yi ba, ba ruwan motata." Tsohuwar ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, tun ba a haife ka ba nake gasa randa."

Ya shiga neman inda ciwon yake. Ya ƙara ciyawa tsakanin tukwane, a banza. Ya rage iskar taya, motar ta dinga lilo amma dukan na nan. Ya canja shok mai shanye gargada, ya sa aka ɗura giris, aka sassauta wannan noti aka ɗaure wancan, kuma duk ranar kasuwa sai an sami mai amsawa a dushe. Daga ƙarshe ya je wurin wani dattijon bakanike. Shi ko sifana bai ɗauka ba, bayan motar kawai ya hau ya yi tsalle sau biyu, ba ta ko motsa ba. Ya sauko yana kakkaɓe hannu ya ce, "Lafiyarta lau, malam. Sifirin ɗaukar siminti aka sa maka, sai ya ji buhu talatin yake rusunawa. Tukwane kuwa cika ido ne da su, ba nauyi. Ina naka na da?"

Direban ya gwada loda buhunan yashi. Motar ta yi laushi kam, sai dai wurin randuna ya ƙare. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya nufi maƙera neman tsofaffin sifirinsa. Ya tarar da maƙerin yana wasa wata sabuwar fartanya. Da ya faɗi abin da ke tafe da shi, maƙerin ya nuna masa jerin fartanyu da adduna a jingine da bango, ya ce, "Ga su nan, na ƙere su. Ƙarfe ne mai kyau, Allah ya saka."

Ya nemi irin tsofaffin sifirin a kasuwar kayan mota, ya samu, amma kafin a ɗaura, matan sun riga sun koma wa amalanken shanu. Ya je har gida ya durƙusa ya ba tsohuwar haƙuri. Ta ce ta yafe, har ruwa ta ba shi daga randarta, amma ko kasko ba ta sake ɗora masa ba. Yanzu siminti da tsakuwa yake ɗauka. Wani lokacin yakan riski amalanken a hanya yana tafe a hankali da randunanta, sai ya rage gudu don kada ya bule su da ƙura, ya wuce kansa a sunkuye.

Ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce, garin neman gira aka rasa ido.