Hannun Aro

"Ke kika zana waɗannan?" in ji Farfesa.

"Ni ce, ranka ya daɗe."

Ƙarya nake. Da na ji masu tantance ɗaliban likitanci na son mai wata baiwa bayan karatu, sai na kwashe zanen da ƙanwata ta shekara uku tana yi, na goge sunanta. Ta yi kuka, Baba ya ce ta bar wa yayarta, zane ai ba sana'a ba ne.

Farfesa ya jera takardun a tebur, daga tsoho zuwa sabo. Ya daɗe a kan na ƙarshe.

"'Yata, dubi layin nan, rawa yake. Shekara talatin ina ganin irinsa. Bar maganar gurbi, ki je asibiti gobe. In aka makara, hannun nan ko cokali ba zai riƙe ba."

A ƙofar gida ƙanwata ta tare ni. "Yaya, sun yaba?"

Na watsa mata takardun. "Kin ja mini!"

Ta durƙusa tana tsincewa, suna suɓuce mata ɗaya bayan ɗaya. Na tsallake ta na shige ɗaki. Har yau ban gaya wa kowa ba.